Wa Yag Gani? Labarin Sauka a Wata, Daga Tashar Kano Zuwa Ƙasar Gwandu

Ranar Lahadi 20 ga Yulin 1969 da daddare, watan Jimada Ula na shekarar Hijira ta 1389 yana da wajen kwana biyar. Duk wanda ya fito tsakar gida a Dalijan ta ƙasar Gwandu bayan sallar isha'i ya dubi yamma, in hadari bai rufe sama ba, zai hango shi bai kai rabi ba, yana gangarawa zai faɗi. Damina ta yi tsaka, gero ya rufe ƙasa, manoma sun wuni a duƙe sun dawo a gajiye. Da ƙarfe 9:17 na wannan dare, agogon Najeriya, wani ɗan ƙaramin kumbo na tafiyar Apollo 11 da Amurkawa suka raɗa wa suna Eagle ya dire a kan wannan watan, ɗauke da Neil Armstrong da Buzz Aldrin. Sa'ad da Armstrong ya sauko daga tsani ya taka ƙasar wata, saura minti huɗu ƙarfe huɗu na asuba ya cika. Wata ya daɗe da faɗuwa a sararin Gwandu, gari kuma yana barci.

An ƙiyasta mutum kusan miliyan 600 ne suka kalli abin a talabijin a faɗin duniya. A ƙasar Gwandu babu wanda ya kalla. Talabijin ɗin Kaduna ba ya isowa nan, Najeriya ma ba ta mallaki tashar karɓar hoto daga tauraron ɗan'adam ba sai da aka buɗe ta Lanlate a 1971. Babu jihar Kebbi a lokacin. Jihar Arewa maso Yamma ce, Usman Faruk yana gwamna a Sakkwato, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan gado, Sarkin Gwandu Haruna Rashid yana Birnin Kebbi. Ta akwatin rediyo labari ke zuwa: Rediyon Kaduna, da Sashen Hausa na BBC da ya fara aiki tun 1957, da Muryar Jamus. Bayan kwanaki sai Gaskiya Ta Fi Kwabo ta iso daga Zariya, mai karatun boko ya karanta wa jama'a a ƙofar gida. Ko shi rediyon, wanda ya murɗa shi a 1969 labarin bakin daga yake fara nema, domin yaƙin basasa ya shiga shekara ta uku, kuma gidaje da yawa suna da ɗa a cikin soja.

Da labarin ya bazu, abin da dattawa da dama suka ce shi ne: ƙaryar Nasara ce. An sha ba da wannan amsa a matsayin abin dariya, wai shaidar duhun kai. Wannan rashin adalci ne ga mutanen.

A ƙasar nan wata ba ado ba ne a sama, ma'aikaci ne. Da shi ake ɗaukar azumi, da shi ake ajiyewa. Da shi ake ƙirga takaba, da shi mai ciki ke lissafin watanninta, da shi ake sanin dukiya ta shekara a fitar mata da zakka. Malaman da ke gaya wa manomi ko shuka ta yi suna ƙidayar taurarin damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, waɗanda asalinsu masaukan wata ne guda 28. In ya yi husufi a fito a yi salla. Saboda haka akwai ƙa'ida tsayayya kan duk wani labari da ya shafe shi. Mutum ba ya tashi haka kawai ya ce wata ya tsaya a yarda. Sai an tambaye shi inda ya gan shi, da ƙarfe nawa, ina ya fuskanta, shi da wa. Sai an san shi adali ne. Sannan magana ta hau daga mai gari zuwa hakimi, zuwa sarki, zuwa Sakkwato. Ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi karatu da rubutu, inda hubbarensa yake har yau, ba ta saba karɓar labari babu isnadi ba. Tambayar da dattijon Dalijan ya yi wa ɗan makarantar da ya zo masa da zancen Apollo ita ce wadda zai yi wa kowa a daren 29 ga Sha'aban: "Wa yag gani?" Amsar da yaron ke da ita kuwa ba ta wuce "an faɗa a rediyo" ba.

Abin da ɗan makarantar bai sani ba, kuma har yau 'yan makaranta kaɗan ne suka sani, shi ne cewa ƙasar Hausa tana cikin wannan aiki tun daga tushensa.

A watan Oktoban 1960, makonni kaɗan bayan samun mulkin kai, Najeriya da Amurka suka ƙulla yarjejeniyar kafa tashar bin sawun kumbo a Kano. Dalilin a fili yake. Kumbon da ke kewaya duniya yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, kuma rediyonsa ba ya magana da tasha sai yana saman inda take. Don haka hukumar NASA ta jera tashoshi 18 a kewayen duniya domin shirinta na Mercury, wasu a tudu, wasu a kan jiragen ruwa, kowace ta karɓi ɗan sama jannatin na 'yan mintoci ta miƙa wa ta gaba. A wannan yanki na duniya, in ya baro tsibiran Kanari sai Kano, daga Kano sai Zanzibar. Aikin tashar Kano shi ne magana da matuƙin baki da baki, da karɓar bayanan da na'urori ke turowa: bugun zuciyarsa, numfashinsa, zafin cikin kumbon, da iskar shaƙar da ta rage masa.

Ranar Talata 20 ga Fabrairun 1962 John Glenn ya tashi daga Florida a cikin Friendship 7, kumbon da girmansa bai wuce na ɗan ƙaramin rumbu ba. Tsakiyar watan azumi ne na 1381. Wajen la'asar, Kanawa suna jiran shan ruwa, ya gifta ta samansu. Ya leƙa ta taga ya ce yana hango ƙura tana tashi a hamada, ma'aikatan tashar Kano suka amsa masa cewa ai iska ta yi mako guda tana kaɗawa da ƙarfi. Hazon hunturu ne, wanda kowane Bahaushe ya san ɗanɗanonsa a maƙogwaro, ya shiga cikin rubutaccen tarihin tafiyar Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. A zagaye na biyu kuma tashoshin Kano da Zanzibar ne suka lura cewa iskar shaƙarsa ta ajiya ta ragu da kashi 12 cikin ɗari.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, ranar 23 ga Agustan 1963, Shugaba Kennedy ya kira Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, maganar ta bi ta wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas. Wannan ne karo na farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi hira kai tsaye ta tauraron ɗan'adam, kuma ɗayansu malamin makaranta ne daga Bauchi. A Satumban 1965 Gordon Cooper da Pete Conrad, waɗanda suka yi kwana takwas a sama cikin Gemini 5, suka kawo ziyara Najeriya. A riƙe sunan Conrad, zai sake fitowa.

Kafin mutum ya taka wata, na'urori aka fara aikawa su gwada ƙasa, kuma Rasha ce ke gaba. Luna 2 ya rafka wa wata karo a Satumban 1959. Wata guda bayan nan Luna 3 ya ɗauko hoton bayan wata, ɓangaren da ba ya taɓa juyowa duniya. Amma babbar tambaya tana nan: in abu ya sauka, zai tsaya ko zai nutse? Akwai masana, irin su Thomas Gold, da ke ganin ƙurar da ta taru a can tana iya haɗiye kumbo. Bayan faɗuwa da yawa, ranar 3 ga Fabrairun 1966 Luna 9 ya sauka lafiya, ya buɗe, ya fara turo hotunan duwatsu da tsakuwa. Masana a Jodrell Bank ta Ingila suka tsinci saƙon a iska, suka ari na'urar karɓar hoto ta jaridar Daily Express, hotunan suka fito a Landan kafin Moscow ta saki nata.

Duniya ta yi ta mamaki, Arewa kuwa tana cikin makoki. Kwana 19 ke nan da kashe Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa. Da Surveyor 1 na Amurka ya sauka ranar 2 ga Yuni, ya shiga turo hotuna har sama da 11,000, biranen Arewa suna cikin tarzomar ƙarshen Mayu da ta biyo bayan dokar haɗe ƙasa ta Janar Ironsi. Ba wanda ke da sukunin ɗaga kai sama. A ƙarshen wannan shekarar shirin Gemini ya ƙare, aikin tashar Kano ma ya ƙare da shi. Zanzibar ta riga ta rufe tata tun bayan juyin juya halin 1964.

Shi ya sa saukar 1969 ta zo wa mutane kwatsam, babu shimfiɗa. Ba su bi matakan da aka taka shekara goma ba, sai kawai suka ji an ce mutum yana yawo a kan wata.

A zaurukan karatu muhawarar ta ilimi ce. Wasu malamai suka ce wata yana cikin sama ne, sama kuwa tana da ƙofofi da masu tsaro, babu mai kutsawa da ƙarfe da mai. Wasu suka ce wata yana cikin sararin da ke ƙasa da sama ta ɗaya, kuma Allah ne ya hore wa ɗan'adam ilimin da ya kai shi. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka yi wannan ja-in-ja ba. A Saudiyya sai da Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya yi rubutu a kai, inda ya nuna babu nassin da ya hana yiwuwar isa wata, ya gargaɗi masu saurin kafirta wanda ya gaskata, sannan ya ce kada a gaskata ko a ƙaryata sai da hujja. Matsayin nan bai yi nisa da na dattijon da ya tambayi wanda ya gani ba.

A dandali kuwa abin ya bi wata hanya. Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa, kuma ta bakin Shata labarin ya shiga kasuwanni da tashoshin mota da jarida ba ta taɓa leƙawa ba. Sai kuma ciwon ido. A daidai wannan lokaci wata annoba ta ɓarke a Ghana: ido ya yi jawur, ya kumbura, ya riƙa ƙaiƙayi da hawaye, in ya kama mutum ɗaya a gida sai ya zagaye kowa. Ta tsallako Najeriya, jama'a suka haɗa biyu da biyu suka ce 'yan sama jannati ne suka kwaso ta, ko kuma ƙurar watan da suka tayar ce ke zubowa. Zargin yana da abin kamawa, domin su kansu Amurkawa sun killace 'yan sama jannatin na tsawon mako uku saboda tsoron kada su zo da wata cuta. Amma likitocin Accra sun fara ganin ciwon tun a watan Yuni, kafin kumbon ya tashi, kuma daga baya masu bincike a Japan suka gano ƙwayar cutar, 'yar duniyar nan ce. Sunan dai ya zauna. Yarinyar da za ta ce yau a Kalgo "Afolo nake yi" tana ambaton tafiyar da aka yi tun kakarta tana budurwa.

Amurka ta yi ƙoƙarin kawo shaida. Ofisoshin yaɗa labaranta sun nuna finafinan tafiyar a manyan birane. Shugaba Nixon ya aika wa ƙasashe 135, har da Najeriya, 'yan ƙwayoyin ƙasar wata guda huɗu a cikin roba mai kama da gilashi, tare da ƙaramar tutar kowace ƙasa da aka je da ita aka dawo. 'Yan sama jannatin sun zagaya duniya, amma a duk nahiyar Afirka Kinshasa kaɗai suka tsaya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya iso Dalijan.

A Nuwamban 1969 Pete Conrad, baƙon Najeriya na 1965, ya sauke Apollo 12 tazara kaɗan daga inda Surveyor 3 ke zaune tun Afrilun 1967. Shi da Alan Bean suka taka zuwa wurinsa, suka kwance kyamararsa suka dawo da ita gida. Rasha, da ta ga tseren kai mutum ya kuɓuce mata, sai ta ci gaba da na'urori: Luna 16 ya haƙo giram 101 na ƙasar wata ya dawo da shi a 1970, Lunokhod 1 mai ƙafa takwas ya yi wata goma yana yawo, ana tuƙa shi daga duniya, ya ci kilomita goma da ɗoriya. Mutum 12 ne suka taka wata, suka kwaso kilo 382 na duwatsu, na ƙarshensu a Disambar 1972. Luna 24 ya sauka a 1976, daga nan aka yi shiru na shekara 37.

A cikin wannan shiru ne wani labari ya yi kaka-gida a masallatai da makarantun Islamiyya daga Indonesiya har Najeriya: wai Armstrong ya ji kiran salla a wata, daga baya ya sake jin sa a Alƙahira, ya musulunta. Labarin ya yi ƙarfi har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwar ƙaryatawa a 1983, shi ma Armstrong ya musanta. Abin da ke da ciwo shi ne akwai labarin gaskiya da ya fi wannan amfani ga yaro Musulmi, amma ba a ba shi. Farouk El-Baz, Bamisre masanin duwatsu, yana cikin waɗanda suka zaɓi wuraren da kumbunan Apollo suka sauka, shi ya koya wa matuƙan yadda za su karanta fuskar wata daga sama, har Alfred Worden na Apollo 15 ya aiko wa mutanen duniya gaisuwa da Larabcin da ya koya a wurinsa.

Sin ce ta katse shirun da Chang'e 3 a Disambar 2013. A Janairun 2019 ta sauke Chang'e 4 a bayan wata, abin da ba a taɓa yi ba, a 2024 kuma Chang'e 6 ya ɗebo kusan kilo biyu na ƙasa daga can. Sauran masu gwadawa sun sha wuya. Kumbon Isra'ila ya tarwatse a 2019, na Indiya ma haka. Na wani kamfanin Japan ya faɗi a Afrilun 2023, ɗauke da 'yar motar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa mai suna Rashid. Luna 25 na Rasha ya rugurguje ranar 19 ga Agustan 2023. SLIM na Japan ya sauka da ka, Odysseus na wani kamfanin Amurka ya karye ƙafa ya kishingiɗa. Wata ba shi da iskar da lema za ta kama. Dole injin ya rage gudu da wutarsa, kwamfuta ta zaɓi fili da kanta cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Wadda ta fi taɓa zukata a Arewa ita ce saukar Chandrayaan-3 na Indiya kusa da ƙuryar kudancin wata ranar 23 ga Agustan 2023. Sama da mutum miliyan takwas suka kalla kai tsaye a YouTube a lokaci guda, kuma a wannan karon matashin Gwandu mai waya da data yana iya zama ɗaya daga cikinsu. Amurka da Rasha wasu manya ne can nesa. Indiya kuwa an san ta: ita ce ta finafinai, ita ce inda ake kai marar lafiya in an tara kuɗi, daga can babur da keke napep suke zuwa. An ba da rahoton cewa aikin ya ci kusan dala miliyan 75. Labarin ya riski mutanen Kebbi wata uku bayan cire tallafin mai, iyakar Nijar a rufe saboda juyin mulkin Yuli, kaya sun yi tsada. Don haka abin da ya cika Facebook da zaurukan WhatsApp ba mamaki ba ne, ƙorafi ne: su ga inda suka kai, mu wutar lantarki ta gagare mu.

Masu musu ma suna nan, sai dai musun ya canza kama. Na yanzu daga bidiyon intanet ake kwaso shi, yawancinsa fassarar tsohon zargin da wasu Amurkawa suka ƙirƙira ne cewa a ɗakin shirya fim aka yi komai. Bambancinsa da na dattawan 1969 babba ne. Su shaida suka nema ba su samu ba. Yau shaidun sun taru, kuma ba daga bakin mai da'awa kaɗai ba. Rasha, da ta fi kowa son a ce ƙarya ne, tana da na'urorin bin sawu kuma ba ta taɓa musantawa ba. Kumbon LRO na NASA ya ɗauko hotunan wuraren saukar tun 2009, har da sawun ƙafa. A 2021 kumbon Indiya da ke kewaya wata ya ɗauki hoton gindin Eagle a inda aka bar shi. Madubin da Armstrong da Aldrin suka girke yana nan yana aiki. Ana harba masa haske daga duniya ya dawo, da shi aka auna cewa wata yana ƙara nisa da mu da kusan santimita 3.8 a kowace shekara. In da adalai ake nema, daga ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, an same su.

Ranar 2 ga Maris 2025, kwana biyu da kama azumin da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya sanar, Blue Ghost na kamfanin Firefly ya sauka a tsaye cif. Da wata ya cika ranar 14 ga Maris aka yi husufi, sai kyamararsa ta ɗauko abin daga ɗaya gefen: duniya ce ta shiga tsakani ta tare rana, ta bar zoben haske kawai. Bayanin husufi da malaman kimiyya ke zanawa a allo a Jami'ar Tarayya da ke Kalgo da Jami'ar Abdullahi Fodiyo da ke Aliero, ga shi an gani da ido.

Najeriya tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999. An harba mata tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumban 2003, da wasu bayansa a 2007 da 2011. Ranar 13 ga Disambar 2022 Farfesa Isa Ali Pantami ya sa hannu a madadin Najeriya a kan yarjejeniyar Artemis, shirin Amurka na komawa wata, a Washington, ita da Ruwanda suka zama na farko a Afirka. Sai dai wannan takarda ƙa'idojin zama lafiya da musayar bayanai ne, ba kujera ba ce a cikin kumbo. Abin da ake buƙata daga ƙasa irin Najeriya shi ne wanda aka buƙata a 1960: wuri, da eriya, da ƙwararrun da za su zauna a gabanta. Afirka ta Kudu ta sami tata tashar NASA a Hartebeesthoek a 1961, sa'ar ta Kano. Da Amurkawa suka janye a tsakiyar shekarun 1970, 'yan ƙasar suka riƙe ta suka ci gaba da aiki. Tana cikin tashoshin da suka bi sawun Odysseus a 2024, kuma tun 2022 aka aza harsashin wata sabuwa a Matjiesfontein domin tafiye-tafiyen Artemis.